Barin nama gaba ɗaya ko rage shi: wanne ya fi wa hanji?

Yayana ma'aikaci ne a Kano, kuma ya daɗe yana fama da taurin bayan gida. Sai ya kwana uku, wani lokaci huɗu, bai zaga ba, ciki ya kumbura, abinci ya fita ransa. Jiƙon masu maganin basir kuwa babu irin wanda bai sha ba. Rannan ya ci karo da wani bidiyo a Facebook inda ake cewa nama ne ke lalata hanjin ɗan Adam, wanda duk ya koma cin tsiro zalla zai rabu da ciwon ciki. Ya ɗaura niyya, ya bar nama da kifi da ƙwai da madara har wata biyu. Ko alamar sauƙi bai gani ba.

Da na kwana biyu a gidansa sai na gane inda gizo ke saƙar. Da safe shayi da farin burodi. Da rana farar shinkafa da miyar tumatir. Da dare taliya da mai da yaji, a kora da lemon kwalba. Duk cikinsu babu wanda ya fito daga dabba, amma kuma babu wanda ke isar da wani abin kirki zuwa babban hanji. Da na ba Inna labari, ita da ba ta kama sunansa saboda ɗan fari ne, cewa ta yi, "Ka gaya wa yayan naka tuwo ya bari, ba nama ne ya yi masa laifi ba."

Mutane da yawa na tsaye a inda ya tsaya, suna tambayar ko su yanke nama kwata-kwata, ko su rage shi su yawaita hatsi da wake da ganye. Kafin a auna hanyoyin biyu, sai an san abin da hanji ke nema.

Abincin da muka ci, yawancinsa a ƙaramin hanji ake narkar da shi a tsotse amfaninsa. Akwai wani ɓangare na tsiro da jikinmu ba shi da sinadarin narkar da shi, shi ne harza, wanda likitoci ke kira faiba. Tana cikin dusar hatsi, da wake, da ganye, da ɓawo da tsokar 'ya'yan itace. Nama da kifi da ƙwai da madara ba su da ita ko kaɗan. Harza na wucewa har babban hanji, inda tiriliyoyin ƙwayoyin bakteriya ke zaune, kuma ita ce cimarsu. In sun ci ta sai su fitar da wasu sinadarai, mafi shahara a ciki shi ne butiret, wanda shi ne babban makamashin ƙwayoyin da suka shimfiɗe bangon babban hanji. Wani nau'in harzar kuma yana riƙe ruwa, ya ƙara wa bayan gida yawa da laushi, ya sa ya wuce da wuri. Yauƙin kuɓewa da karkashi da kuka na cikin irin wannan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla gram 25 na harza a rana, da gram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace. Dafaffiyar farar shinkafa gram 100 ba ta kai rabin gram na harza ba. Dafaffen wake mai wannan nauyin ya haura gram 6. Da wannan kaɗai za a ga dalilin da ya sa wata biyun yayana suka tafi a banza.

Abin da ya fi burge ni a wannan fage shi ne yawancin hujjojin farko daga Afirka aka samo su. Denis Burkitt, likitan tiyata ɗan ƙasar Ayalan da ya yi shekaru yana aiki a Yuganda, ya lura cewa cututtukan babban hanji da suka cika asibitocin Ingila ba kasafai yake ganinsu a ƙauyukan Afirka ba. A farkon shekarun 1970 shi da abokan aikinsa suka auna bayan gidan mutane, suka tarar na mutanen karkarar Afirka kan haura gram 400 a rana, na Turawan Ingila kuwa gram 100 da 'yan kai, kuma abinci ya fi daɗewa nesa ba kusa ba a cikin Turawan kafin ya fita.

A 2010 wasu masu bincike daga Italiya suka kwatanta yara 14 na ƙauyen Boulpon a Burkina Faso da yara 15 na birnin Florence. Cimar yaran Burkina tamu ce sak: gero, dawa, wake, ganye, nama sai jefi-jefi. An samu hanjinsu cike da bakteriya irin su Prevotella masu iya narkar da harza mai tauri, waɗanda ba a gani ba a yaran Italiya, sinadarai masu ciyar da bangon hanji sun fi yawa a wurinsu, kuma dangin ƙwayoyin da ke haddasa gudawa irin su Shigella sun fi ƙaranci. Kada dai wannan ya rufe mana ido. Ƙauyukan Sahel na da nasu bala'in na tamowa da ruwa marar tsafta, kuma binciken bai ce rayuwar yaran ta fi ta kowace fuska ba. Abin da ya nuna shi ne tuwon gero da wake na gina wata irin runduna a hanji da farin burodi ba ya ginawa.

Wanda ya fi kama hankali shi ne na 2015, ƙarƙashin jagorancin Stephen O'Keefe na Jami'ar Pittsburgh. An ɗauki baƙaƙen fata 20 na Amurka da mutum 20 na karkarar KwaZulu-Natal a Afirka ta Kudu, aka yi musu musayar cima na mako biyu. Amurkawan suka tashi daga gram 14 na harza a rana zuwa 53, 'yan Afirka ta Kudun suka sauko daga 66 zuwa 12, aka loda musu maiƙo da nama. Cikin kwana 14 kacal butiret ya ninka sau biyu da rabi a hanjin Amurkawan, ya ragu da rabi a ɗaya ɓangaren, kuma alamomin da ake dangantawa da haɗarin sankarar hanji suka juya, na Amurkawan suka yi ƙasa, na 'yan Afirka ta Kudun suka yi sama. Mutum 40 ba su da yawa, mako biyu ma ba dogon lokaci ba ne, amma saurin sauyin abin lura ne.

A kula da abu guda. Duk waɗannan mutanen da aka yaba hanjinsu, babu wanda ya haramta wa kansa nama. Suna ci in ya samu, sai dai shi ne ɗan tsoka a gefen kwano, tuwo da miyar ganye ne gundarin abincin.

To, mu ɗauki hanya ta farko, wato barin duk abin da ya fito daga dabba. Amfaninta a fili yake in an yi ta da kyau. Wanda ya cire nama dole ya nemi abin da zai cike gurbin, in kuma ya cike da wake da gyaɗa da gurjiya da awara da zogale, zai wuce gram 25 ɗin nan ba tare da ya lissafa ba. Ya kuma tsira daga sarrafaffen nama, wanda hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a 2015 cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar babban hanji, tana mai cewa cin gram 50 kullum na ƙara haɗarin da kashi 18 cikin ɗari. Sarrafaffen nama shi ne wanda aka adana da gishiri ko hayaƙi ko sinadari, kamar sosej da naman gwangwani da busasshen nama, don haka mai cin kilishi kullum ya sa wannan a ransa. Jan nama na yau da kullum an sa shi a mataki na ƙasa da wannan, na abin da ake kyautata zaton yana jawowa.

Matsalarta babba ita ce bitamin B12. Babu shi a hatsi, babu a wake, babu a zogale duk da yabon da ake yi masa. Ko dihe, koren garin nan da matan Kanem ke kwasa a tafkunan yankin Tafkin Cadi, wanda duniya ta sani da sifirulina, yawancin abin da ke cikinsa mai kama da B12 ne wanda jikin mutum ba ya amfana da shi. Hanta na ajiye wannan bitamin na shekaru, shi ya sa mutum zai daɗe yana jin garau kafin ƙarancin jini da kasala da jin tafin ƙafa na dinɗiris su bayyana, kuma lalacewar jijiya in ta yi nisa ba lallai ta gyaru ba. A Turai da Amurka masu wannan tsarin na dogara da ƙwayar B12 da kayan abincin da aka ƙara wa shi a masana'anta. A wurinmu wanda ya zaɓi wannan hanya ba shi da makawa sai ya riƙa shan ƙwayar, ba fashi, har iya tsawon zamansa a kan tsarin. Mace mai ciki ko mai shayarwa da ba ta samun B12 jaririnta take jefawa cikin haɗari, domin daga gare ta yake samu.

Sai sinadarin ƙarfe mai gina jini. Na cikin tsiro bai kai na nama saurin shiga jiki ba, kuma gero da dawa da wake na ɗauke da wani sinadari, fayitet, da ke riƙe shi. Jiƙawa da tsimawa da barin hatsi ya tsiro na rage wannan, haka cin abinci tare da abu mai bitamin C kamar gwaba ko lemon tsami ko garin 'ya'yan kuka. Shan shayi a kan abinci kuwa ƙara toshe hanyar yake. A ƙasar da ƙarancin jini ya riga ya yi wa mata da yara katutu, wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Yaro ƙarami kuma cikinsa ɗan mitsitsi ne, in aka cika shi da abinci mai yawan harza sai ya ƙoshi kafin ya samu abin da zai gina shi. Ƙwai da kifi da madara su ne gatansa, kuma ba zan taɓa ba uwa shawarar ta hana ɗanta su ba.

Akwai kuma asarar da ba a cika ambata ba: wanda ya bar duk abin dabba ya bar nono.

Wannan ne ya kawo mu hanya ta biyu, wadda tsiro ne mafi rinjaye amma ana taɓa nama da kifi da ƙwai kaɗan, ana kuma shan nono. A 2021 masu bincike a Jami'ar Stanford suka raba mutum 36 gida biyu na tsawon mako 10. Rukuni ɗaya aka ƙara musu harza, ɗaya aka ƙara musu tsimammen abinci irin su yogot da kefir, wata tsimammiyar madara, da kimchi, tsimammen kabeji na Koriya. Masu tsimammen abincin ne nau'o'in bakteriyar hanjinsu suka ƙaru, kuma sinadarai 19 masu nuna kumburi a jini suka ragu. Masu harza zalla yawan nau'o'in nasu bai sauya ba cikin wannan lokaci. Ba cewa aka yi harza ba ta da amfani ba. Darasin shi ne ciyar da ƙwayoyin da ke nan daban, ƙara yawan nau'o'insu daban, kuma hanji na son duka biyun.

Ga mu da kindirmo da nono a bakin ƙofa. Fura da nono, in aka dube ta da wannan ido, gero ne da tsimammiyar madara a ƙwarya guda, matuƙar ba a kashe ta da sukari ba. Daddawa ma tsimammiya ce, bakteriyar Bacillus ce ke juya kalwa ta zama abin da muka sani, haka koko da kamu. Sai dai akwai bambanci: daddawa da koko ana dafa su, zafi na kashe yawancin ƙwayoyin, abin da ke saura shi ne amfanin da tsimin ya riga ya yi wa abincin. Nono ne ake sha da ransa. Sharaɗinsa a tabbata an tafasa madarar kafin a ɗura ta, kuma ba a sirka shi da ruwan da ba a yarda da shi ba, domin ɗanyar madara na iya ɗauko tarin fuka na shanu da cutar burusela mai sa zazzaɓi.

A wannan hanya B12 ba abin damuwa ba ne sosai ga mai samun nono da ƙwai da kifi a kai a kai, kuma ɗan naman da ke cikin miya na taimaka wa ƙarfen da ke cikin wake da ganye ya shiga jiki. Ba ta raba mutum da jama'a: zai ci a gidan biki, zai ci naman layya, ba sai an yi masa tukunya daban ba. Rauninta shi ne sauƙin zamewa. "Kaɗan" ba shi da ma'auni, yau tsire gobe balangu, kafin a ankara an koma gidan jiya. Wanda ya yanke gaba ɗaya aƙalla ya san iyakarsa.

Ni dai in aka tambaye ni, ta biyun nake zaɓa wa yawancin mutane, kuma ita kaɗai nake zaɓa wa yara da masu ciki da masu shayarwa da tsofaffin da cin abincinsu ya ragu. Ta farkon na iya yi wa babban mutum mai lafiya wanda ya ƙudura, yake da halin sayen ƙwayar B12, kuma zai iya zuwa a duba jininsa lokaci-lokaci. Ta fuskar hanji kawai, abin da ta farkon ke bayarwa ana samunsa a ta biyun in kwanon ya cika da abin da ya kamata.

Abin da ya kamata ɗin nan shi ne inda aikin yake, kuma a nan ne ko tuwon gida ke iya gazawa. Dubi surfe. Ana zuba dawa a turmi a yayyafa ruwa a surfa, ko a kai inji, a sheƙe dusa a ba awaki, a wanke tas a kai niƙa, a tankaɗe da rariya mai laushi. Tuwon zai fito sumul, amma babban rabon harzar na can a gaban akuya. Surfe na da nasa amfanin, yana rage dattin ɓawo da gubar fumfuna da kan kama masara, don haka ba cewa nake a daina ba. A sassauta shi, ko a haɗa surfaffe da wanda ba a surfa ba rabi da rabi, bayan an tsince duk ƙwayar da ta yi baƙi ko ta yi fumfuna. Haka kunun aya: an markaɗa an tace an zubar da tukar, an sha zaƙi an bar harzar. Tauna ayar ta fi. Zoɓo da lemon da aka matse ma haka, shan ruwan lemo ba daidai yake da cin lemon da tsokarsa ba.

Sai yawan iri. Wani babban bincike na Amurka da aka wallafa a 2018 ya gano cewa masu cin nau'in tsiro fiye da 30 a mako sun fi masu cin 10 ko ƙasa da haka yawan nau'o'in bakteriya a hanji. Talatin na jin kamar da yawa har sai mutum ya fara ƙirga abin da ke kasuwar unguwarsu: gero, dawa, masara, acca, alkama, wake, gurjiya, gyaɗa, riɗi, waken suya, kuka, kuɓewa, karkashi, yakuwa, rama, zogale, tafasa, alayyafo, lalo, kabewa, gauta, albasa, dankali, rogo, gwaza, goruba, magarya, kanya, ɗinya, tsamiya, aya, dabino. Kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir kaɗai iri huɗu ne, kuma kuɗinsa bai kai na tsinken tsire biyu ba. Busasshen ganye bai rasa harzarsa ba, saboda haka rani ba uzuri ba ne.

Kowace hanya aka bi, kada a yi tsalle ɗaya. Wanda ya saba da farar shinkafa ya wayi gari da faten wake safe da dare, ciki zai kumbura ya cika da iska, domin wake na da wasu nau'o'in sukari da sai bakteriya ke iya narkar da su, iskar kuma daga aikinsu take. A jiƙa wake ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa ya yi luguf, a fara da 'yan cokula a riƙa ƙarawa cikin makonni. Yawanci ciki na sabawa. A kuma yawaita shan ruwa, don harza ba ruwa na iya ƙara taurin da ake gudu. Ɗanyen ganye irin su latas da kabeji a wanke su sosai da ruwa mai tsafta, tunda wasu lambunan bakin gari da ruwan kwata ake ba su, in kuwa ana shakka a dafa.

Akwai waɗanda wannan shawara ba ta zauna musu daidai ba. Masu hanji mai saurin harzuƙa, waɗanda ciki ke murɗa musu yau gudawa gobe tauri ba tare da an ga wani rauni a gwaji ba, wake da albasa da tafarnuwa da alkama na iya tsananta musu. Jami'ar Monash ta Ostireliya ce ta tsara hanyar gano irin abincin da ke tayar wa kowa, kuma da jagorancin masani ake bin ta. Masu ciwon ƙoda su tuntuɓi likitansu kafin su yawaita ganye da wake. Olsa kuwa yawanci ƙwayar Helicobacter pylori ce ko yawan shan magungunan kashe ciwo ke jawo ta, kuma maganin asibiti ne ke kashe ƙwayar, ba sauya cima ba. Wanda kuma ya ga jini a bayan gida, ko yana ramewa ba dalili, ko yanayin fitar bayan gidansa ya sauya ya ƙi komawa har makonni, don Allah kada ya ce basir ne ya zauna yana sauya cima. Ya je a duba shi. Sankarar hanji na warkuwa in an kama ta da wuri, kuma da wannan suna na basir take ɓuya har ta yi nisa.

Yayana ya je an duba shi tukuna, ba a ga komai ba. Ya dawo da nama cikin miya sau biyu ko uku a mako. Karin kumallonsa ya koma koko da ƙosai, wata rana ɗan wake, shinkafar rana ta zama garau-garau da kwaɗon zogale a gefe, da dare tuwon dawa miyar kuka ko kuɓewa, fura da nono in ya samu wanda ya yarda da shi. Makon farko ya kira ni yana ƙorafin iska, na ce, "Yaya, ka rage waken ka ƙara ruwa, kada ka daina." Zuwa wata guda yana zagawa kusan kullum ba tare da jiƙo ba. Yanzu in za a kai dawa inji, da kansa yake leƙowa ya ce wa yaron a gaya wa mai injin kada ya surfe ta da yawa.